Wushirya ko giɓi? Lissafin kartar foka da ke cin kuɗin samarin Zango a Wagadugu

Bahaushe bai taɓa haɗa wushirya da giɓi ba. Dukansu fili ne tsakanin haƙora, amma wushirya ado ce, har kirari ake yi wa mai ita, shi kuwa giɓi haƙori ne ya fita ya bar gurbinsa. Ba a taɓa jin saurayi ya dawo majalisa yana ba abokansa labarin ya ga yarinya mai kyan giɓi ba.

A wasan kartar da ake kira foka, wanda wasu samarinmu na Wagadugu suka runguma a wayoyinsu 'yan shekarun nan, akwai wani irin hannu da giɓi ne tsantsa, amma su wushirya suke gani. Kati biyu ne masu kusa da juna a lamba, sai dai ba su haɗa kafaɗa ba: 9 da 7, ko 10 da 7, ko 8 da 4. Yaro zai duba ya ce, "Ai saura kaɗan su jeru." Wannan "saura kaɗan" ɗin ne na zauna na ƙirga, kuma abin da lissafin ya nuna shi nake son kawo wa mai karatu.

Tun da wuri bari in faɗa, ba koyar da caca na fito yi ba. Hukuncinta sananne ne, yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma malamai ba su gaji da maimaita shi a kan mumbari ba. Matsalar ita ce yaron da ke bugawa ya san hukuncin sarai. Abin da zai ce maka shi ne, "Wannan ba caca ba ce, ƙwaƙwalwa ce, lissafi ne." To, madalla. Tunda ya ce lissafi ne, mu bi shi ɗakin lissafin mu gani.

Daga tabarma zuwa waya

Ni haifaffen Zangouettin ne, unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Sunan ma daga kalmarmu ta zango aka ƙero shi a bakin Mosawa, domin nan ne masaukin fatake masu bin hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Caca ba baƙuwa ba ce a zango ko wanne. Kakanninmu sun san cacar wuri, wadda ake watsa wuri a ƙasa a ƙirga nawa suka kife nawa suka buɗe, kuma sun san mutanen da ta raba da jakunansu. A zamaninmu kuwa ga rumfunan PMU'B na kamfanin LONAB, inda magidanci zai zauna da biro yana nazarin dawakan da ke tsere a Faransa kamar a bargarsa aka haife su.

Amma kartar da na tashi na gani a ƙofar gidajenmu belot ce, wasan Faransawa mai kati 32 da mutum huɗu. Ana buga ta a gindin shayi, bayan la'asar ko bayan isha'i, kuma galibi abin da ake ci bai wuce wanda aka doke ya sayo sukari da gawayi ba. Muhimmin abu shi ne a fili ake yi. Idan wasa ya fara ɗaukar zafi, kuɗi suka fara fitowa daga aljihu, akwai dattijon da zai wuto zuwa masallaci ya yi gyaran murya, kowa ya shiga taitayinsa.

A shekarar 2003 gwamnatin Blaise Compaoré ta aiwatar da rusau na shirin ZACA, wanda aka ce zai mayar da tsakiyar birnin cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Zangouettin da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin da wani sashe na Koulouba suka shiga ciki. Aka kwashe mutane zuwa gefen Ouaga 2000 da Nioko, maƙwabcin shekara hamsin ya koma wanda sai ka hau babur kafin ka gaishe shi. Majalisun shayi sun sake haɗuwa a sababbin unguwanni, amma ba kamar da ba. Yaran da aka goya a baya lokacin rusau su ne samarin yau, kuma teburinsu yana cikin aljihu. Da Orange Money ko Moov Money ake zuba kuɗi, da tsakar dare, cikin ɗaki, babu dattijon da zai yi gyaran murya.

Wani abin da ya zo daidai, a wannan shekarar ta 2003 ne foka ta fashe a duniya. Wani akanta ɗan jihar Tennessee a Amurka mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar wasa a intanet da kuɗi ƙalilan, ya doke mutum 838, ya tafi gida da dalar Amurka miliyan 2.5. (Na ce dalar Amurka ne don kada mutanenmu su ɗauka dalar nan tamu ce ta sefa biyar.) Bayan shekara uku, masu shiga gasar sun kai 8,773. Guguwar ta daɗe kafin ta iso mu, amma da waya ta yi araha, ta iso.

Yadda wasan yake

Nau'in da aka fi bugawa shi ne Teksas Holdem. Kati 52 ne. Ana raba wa kowa biyu a rufe, su ne hannunsa. A nan zai yanke shawarar farko: ya zubar, ko ya biya ya ci gaba. Daga nan a shimfiɗa kati uku a buɗe a tsakiya, na kowa da kowa, a sake zuba kuɗi. A ƙara na huɗu, a zuba. A ƙara na biyar, a zuba. Wanda ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ke kwashe tulin da ke tsakiya, ko kuma wanda ya rage shi kaɗai bayan kowa ya zubar.

Tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, su ne ƙaramin abin kirki. Tagwaye biyu sun fi su, uku iri ɗaya sun fi tagwaye biyu. Sama da waɗannan akwai jere, kati biyar masu bin juna kamar 5-6-7-8-9. Sama da jere akwai dangi, kati biyar daga gida ɗaya, duka pik ko duka karo misali. Hannu mai giɓi ba shi da wani abin tinƙaho sai fatan jere, in kuma katin biyu 'yan gida ɗaya ne, da fatan dangi.

Ɗan belot ya kamata ya fi kowa gane haɗarin. A belot, kati uku masu bin juna a gida ɗaya maki 20 ne, huɗu 50, biyar 100. Amma wanda ya riƙe 7 da 8 da 10 bai isa ya buɗe baki ba, ko maki ɗaya babu. Ba a taɓa ba wani lada don ya kusa ba. Kuma a belot kati takwas ne a hannunka. A foka biyu ne tak, sauran ukun sai tebur ya ga dama.

Kowane giɓi ƙofa ɗaya yake rufewa

Ga ƙirgan, kuma duk mai biro da takarda zai iya bin sawuna.

Ɗauki 8 da 7, waɗanda babu giɓi a tsakaninsu. Shimfiɗa huɗu ce za ta ba su jere nan take: 4-5-6, ko 5-6-9, ko 6-9-10, ko 9-10-bale. Ƙofa huɗu ke nan. Ɗauki 9 da 7, giɓi ɗaya. Dole 8 ta fito, babu makawa, don haka saura uku: 5-6-8, ko 6-8-10, ko 8-10-bale. Ɗauki 9 da 6, giɓi biyu. Dole 7 da 8 su fito tare, sai 5 ko 10 ta cika: ƙofa biyu. Ɗauki 9 da 5, giɓi uku. Ƙofa ɗaya ce tilo, 6-7-8. Daga giɓi huɗu zuwa sama, katin biyu ba za su taɓa zama cikin jere ɗaya ba.

Bayan an ba ka katinka biyu, saura 50, kuma hanyoyin da kati uku za su iya fitowa daga cikin 50 guda 19,600 ne. Kowace ƙofa tana da hanya 64, wato huɗu sau huɗu sau huɗu. Mai 8-7 yana da 256 cikin 19,600, sau ɗaya cikin 77 ke nan. Mai giɓi ɗaya, sau ɗaya cikin 102. Mai giɓi biyu, sau ɗaya cikin 153. Mai giɓi uku, sau ɗaya cikin 306.

A tsaya a kan wannan na ƙarshen. Yaron da ya ga 9 da 5 ya ce saura kaɗan, zai biya kuɗin shiga sau ɗari uku da ɗoriya kafin a shimfiɗa masa abin da yake mafarki sau ɗaya. Kuɗin shiga kuwa bai san giɓi ba. Abin da mai as biyu ya biya, shi mai 9-5 zai biya.

Abin da ya sa maganar ta kai a yi rubutu a kanta shi ne yawan irin waɗannan hannaye. Hanyoyin da za a iya raba wa mutum kati biyu guda 1,326 ne. Daga ciki, 528 masu giɓi ɗaya ne ko biyu ko uku. Kusan huɗu cikin kowane goma ke nan. Wato jarabar ba jefi-jefi take zuwa ba, kusan kowane rabo na biyu ko na uku sai ta ƙwanƙwasa. Kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗannan suke zuwa 'yan gida ɗaya. Gaskiya ne a cikin 528 ɗin akwai manya irin su as da dam, ko sarki da bale, waɗanda ƙarfinsu daga girman katin yake, ba daga fatan jere ba. Ba da su nake ba. Da ƙanana da matsakaita nake.

Ka samu, kuma a cinye ka

Akwai wani abu da ya fi rashin samu ciwo, shi ne ka samu jeren kuma ya zama na wani ya fi naka tsawo.

Koma kan 9-7. Idan aka shimfiɗa 5-6-8 ko 6-8-10, babu jeren da ya fi naka. Amma idan 8-10-bale ce ta fito, kana da 7 zuwa bale, mai dam da 9 kuwa yana da 8 zuwa dam, ya taka ka. Mai 9-6 ƙofa biyu gare shi, ɗaya daga ciki, 7-8-10, mai bale da 9 ya fi shi. Mai 9-5 kuwa, ƙofarsa ɗaya tilo, wadda ya jira sau 306, idan ta buɗe 6-7-8, mai 10 da 9 yana zaune a samansa. Kuma 10-9 hannu ne da kusan kowa ke shiga wasa da shi.

A irin wannan ranar ce ake kwashe mutum kaf. Wanda bai samu komai ba yakan zubar ya yi asarar ɗari biyar ɗinsa. Wanda ya samu ƙaramin jere ba zai zubar ba, zai tura duk abin da ke gabansa yana murmushi.

Sannan mafi yawan lokuta ba ma jere ke zuwa ba. Sau biyu cikin uku, shimfiɗar farko ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin katinka. A ragowar ɗaya cikin ukun, yawanci tagwaye ne kawai. Ka riƙe 9-7, aka shimfiɗa 9-4-2, ranka ya yi fari. Amma mai as da 9 ma yana da tagwayen, kuma katinsa na gefe ya fi naka. Mai goma biyu tun a rufe ya riga ya wuce ka. Za ka biya sau uku kafin ka gane.

Hirata da ɗan yayata

Ɗan yayata, wanda ke gyaran waya, shi ya sa na shiga wannan ƙirge-ƙirgen. Yaro ne mai kai, ba ya shaye-shaye, ba ya rashin kunya. Uwarsa ce ta lura kuɗin da yake kawo mata na cefane sun fara zuwa da tangarɗa, ta ce in yi masa magana. Ban fara da faɗa ba. Na ce ya nuna mini yadda ake yi.

Ya buɗe tarihin wasanninsa, ya zaɓo wanda ya fi ƙona masa rai. Yana riƙe da 10 da 7. Aka shimfiɗa 8-6-2. Akwai sefa 3,000 a tsakiya, abokin karawarsa ya zuba 1,500.

"Kawu, ka gani fa, 9 kawai nake jira. Kati ɗaya! Wa zai zubar a nan?"

Na ce, "Tara nawa ce a cikin karta?"

"Huɗu."

"Kati nawa ne ba ka gani ba?"

Ya ɗaga kai ya ƙirga. "Arba'in da bakwai."

"To huɗu naka, arba'in da uku na wa?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai Kawu, ai ba haka ake yi ba. Wasan yana da ji a jiki."

Ji a jiki ko babu, huɗu cikin 47 kashi 8.5 ne cikin 100. Ko da za a ba shi katin biyu da suka rage ba tare da ya ƙara ko sisi ba, bai wuce kashi 16.5 ba. Shi kuwa an nemi ya biya 1,500 don ya ci 4,500, cinikin da ba ya biyan kansa sai in kana cin sau ɗaya cikin huɗu. Kafin biyan 1,500 ya yi ma'ana a kan kati huɗu, sai abin da zai ci ya haura sefa 16,000. A gaban abokin karawar tasa gaba ɗaya ko rabin haka babu.

Da 8 da 7 yake riƙe aka shimfiɗa 6-5-2, da bakin jerensa a buɗe yake ta gefe biyu, 4 ko 9, kati takwas ke nan, kashi 17 a kati na gaba, kashi 31.5 in an kai ƙarshe. Bambancin ke nan a aikace: marar giɓi ya fi yawan samun jira mai baki biyu, mai giɓi ya fi yawan tsintar kansa yana jiran kati ɗaya ya faɗa rami. Turawa ma da suka ƙirƙiro wasan sun daɗe suna yi wa 'ya'yansu kashedi da bin jeren da ramin yake a tsakiya.

Da ya ga lissafin ya tsaya masa a wuya, sai ya jawo hujjarsa ta ƙarshe. "To Kawu, wanda ya ci miliyan bakwai da 7 da 3 fa?"

Labarin 7 da 3

Gaskiya ya faɗa, an yi haka. A watan Yulin 2005, Joe Hachem, haifaffen Lebanon mazaunin Ostareliya, ya lashe babbar gasar Las Vegas cikin mutum 5,619, ya karɓi dalar Amurka miliyan 7.5. Hannunsa na ƙarshe 7 da 3 ne, ba ma 'yan gida ɗaya ba, giɓi uku cur. Aka shimfiɗa 6-5-4, ƙofar nan tilo ta buɗe. Abokin karawarsa Steve Dannenmann yana riƙe da as da 3, as ta fito a kati na huɗu, Hachem ya tura komai, Dannenmann ya amsa. Bidiyon yana yawo har yau, kuma na tabbata ya jawo wa samari asarar da ta fi miliyan bakwai ɗin in aka tara.

Abin da masu yaɗa bidiyon ba sa faɗa shi ne su biyu ne kacal suka rage a teburin. Idan mutum biyu ne, kusan kowane hannu abin shiga ne, domin ɗayan ma yawanci ba shi da komai. Sannan tulin da ke gaban kowannensu ya ninka kuɗin shigar sau da yawa. Wanda ke zaune cikin mutum shida ko tara da 'yan canjinsa ba a wannan halin yake ba. Haka labarin Doyle Brunson, wanda ya ci gasar a 1976 da 1977, duka biyun da 10 da 2 a hannun ƙarshe, har aka laƙaba wa hannun sunansa. Ana tuna waɗannan ne don abin mamaki ne. Ba wanda ke ɗaukar bidiyon sau 305 da ƙofar ba ta buɗe ba.

Masana wasan sun daɗe da sa wa giɓi farashi. Bill Chen, masanin lissafi kuma ɗan wasa a Amurka, yana da wani ma'auni da ake ba kowane hannu maki. Giɓi ɗaya a cire maki 1, giɓi biyu a cire 2, giɓi uku a cire 4, daga huɗu zuwa sama a cire 5. Zama 'yan gida ɗaya kuwa maki 2 kawai yake ƙarawa. Wato ko sun zo duka karo suna sheƙi, ba su biya bashin giɓi uku ba.

Sharuɗɗan da yaranmu ba su da su

Adalci shi ne in faɗi cewa ƙwararru suna shiga wasa da irin su 9-7 ko 10-8, musamman 'yan gida ɗaya, kuma suna da dalili. Hannun yana da ɓoyo. Idan aka shimfiɗa 8-6-5, mai sarki biyu ba zai kawo a ransa wani na zaune da 9-7 ba, zai yi ta zubawa. Wani lokacin ma giɓin kan haifar da rami biyu a lokaci guda: 9-7 a kan bale-8-5 yana jiran 6 ko 10, kati takwas, kuma da wuya a hango shi.

Sai dai suna yin haka ne bisa sharaɗi. Na farko, su ne na ƙarshe ko kusa da ƙarshe a magana, sun ga abin da kowa ya yi kafin su sa hannu a aljihu. Na biyu, shigar ta yi araha. Na uku, wanda shi ne uwa uba, akwai kuɗi mai yawa a gaban su da abokan karawarsu. In ka haɗa duk hanyoyin da 9-7 'yan gida ɗaya za su samu abin kirki nan take, tagwaye biyu, ko uku iri ɗaya, ko jere, ko dangi, ko sama da haka, 1,034 ne cikin 19,600, kimanin sau ɗaya cikin 19. In ba gida ɗaya ba ne kuma giɓin uku ne, sau ɗaya cikin 26. Saboda haka wanda ya biya 500 don ya ga shimfiɗa, yana buƙatar ranar da ya dace ta biya shi wajen jaka tara ko fiye, don ta rufe ranakun da bai dace ba. Jiran da kan zo a tsakani yana rage nauyin kaɗan, amma shi ma da kuɗi ake bin sa.

Ɗan yayata da jaka biyar yake zama teburin. Ko da komai ya tafi daidai, ko da abokin karawarsa ya biya shi har ƙarshe, jaka biyar zai ci daga hannunsa. Rijiyar ba ta kai zurfin igiyar da yake saye ba.

Akwai sharaɗi na huɗu: ƙwararre yana cin tuli da yawa ba tare da ya samu komai ba, ta hanyar tsorata mutane su zubar. A ƙananan teburan da yaranmu ke zama, ba mai zubarwa. Kowa ɗan "bari mu gani" ne. Ka yi barazana da iska, mutum uku su bi ka har gida.

Kuma a bayan duk wannan akwai mai gida. Kowane tulin da aka buga, manhajar tana cire la'adarta, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka. A manyan tebura iyakar kan sa la'adar ta zama ba komai ba. A ƙanana kuwa kusan kowane tuli sai an cire cikakken kason. Hannun da a takarda yake tsaye a kan iyakar riba da asara, la'ada ce ke tura shi cikin asara. Mutum shida za su kwana suna juya kuɗi a tsakaninsu, wanda bai riƙe kati ko ɗaya ba shi ne kaɗai ya san da ribarsa tun kafin a raba.

Mafi ƙarancin albashi a Burkina Faso sefa 45,000 ne a wata tun 2023. Wanda ke shiga da hannu goma irin waɗannan a dare, kowanne a 500, ya sa jaka biyar a faranti tun kafin a shimfiɗa kati ɗaya. Dare tara, albashin wata guda ya ratsa ta cikin giɓin. Ba duka ke tafiya ba, wani yana dawowa, kuma wannan dawowar ce ke hana mutum ganin ramin. A waya ana raba hannu da sauri fiye da yadda kowane ɗan Adam zai iya tankaɗe karta, don haka hannu goma ba aikin dare ba ne, aikin ɗan lokaci ne.

Na kai wa wani dattijon tsohuwar unguwarmu wannan lissafin, mutumin da ya yi zamaninsa a teburin belot kafin ya ajiye. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, duk wannan wahalar ƙirgan ta mece ce? Ka ce masa haramun ne, ka karɓe wayar." Na ce, "Baba, da wayar yake cin abinci, kuma in na karɓe wannan, goma ne a shagonsa." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko a cikin wayar ana ganin fuskar wanda ake wasa da shi. Na ce a'a, suna ne kawai da lamba. Ya ce su a zamaninsu ko an cinye ka, ka san gidan da kuɗinka ya kwana, gobe in ɗanka ba shi da lafiya za ka iya zuwa ka ranto.

Shi kuwa ɗan yayata, takardar da na yi lissafin a kai tana nan ya liƙa ta a jikin akwatin kayan gyaransa, kusa da lambobin masu kawo masa gilashin waya. Ya ce mini ya daina shiga da giɓi biyu da uku, amma 9-7 'yan gida ɗaya har yanzu "suna da kyau a ido." Kuɗin cefane sun dawo daidai wata biyu a jere. Uwarsa ta ce in sake komawa, don ita ba ragi ta aike ni nema ba.